Jirgin da ya yi wadari a samaniyar Magarya

Daga Maraɗi zuwa Damagaram, tsofaffi da dama suna riƙe da labarin wani ƙaton jirgin sama da suka gani suna yara, ba su kuwa taɓa jin sunansa ba. Gano ko wane jirgi ne ya wuce hirar zaure, domin abin da ya ɗauka ya tafi da shi ya shafi gonaki da burtali da makiyaya na yau.

Matafiyin da ya bar Maraɗi da sanyin safiya ya fuskanci gabas bisa hanyar gudron, kilomita wajen 235 ke gabansa kafin ya hangi duwatsun Damagaram. Zai ratsa Agye da Gazawa da Tasawa, ya iso Takeita inda hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta miƙe zuwa Zinder, ɗaya ta karkata kudu ta bi ta Kance da Matamaye. Daga nan mai son Daura da Kano ya ƙetare iyaka, mai son Magarya ya sake juyawa gabas. Ƙasa ce ta jigawa da gero, shimfiɗaɗɗiya, babu tsaunin da zai tare ido. Bayan kaka, in an kai damma gida, abin da ya rage shi ne kara a kwance, da rumbuna a gefen gari, da itatuwan gawo waɗanda ke fitar da ganye daidai lokacin da sauran itace ke zubar da nasu. A cikin koramu rake da rogo suna kore shar. Sauran duk samaniya ce. A irin wannan wuri abin da ya gilma sama ba ya ɓoyuwa, kuma yaron da ke kiwon awaki shi ke fara ganinsa.

Shi ya sa a zaurukan yankin, in hira ta yi nisa ta koma zamanin Nasara, ba a rasa dattijon da zai kawo zancen jirgi. Wani ya ce jirgin Hitila ne, wani ya ce na Digol ne, wani ya rantse Ingilishi ne suka turo shi leƙen asiri. Masu wannan labari kuwa suna ta raguwa. Wanda ke da shekara 8 a 1942 ya haura 90 yanzu, wanda ke da 10 a 1956 yana bakin 80.

Hanyar Takoradi

Jirgin sama ya san ƙasar Hausa tun kafin yaƙi. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan Ingila suka sauka Kano, sun taso daga Masar ta hanyar Sudan. Amma yaƙin duniya na biyu, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila, shi ya mai da samaniyar nan babbar hanya. A watan Yuni 1940 Faransa ta faɗi, Italiya ta shiga yaƙi, Bahar Rum ya zama tarko ga jiragen ruwan Ingila, ga kuma sojojinta a Masar suna jiran jiragen sama. Sai aka koma ɗauko jiragen a cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi, a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su can, su tashi su bi ta Ikko, da Kano, da Maiduguri, da Fort-Lamy wadda ake kira Njamena yanzu, da Janaina, da Fashir, da Hartum, sa'an nan su bi kogin Nilu har Alƙahira. Tafiyar kilomita wajen 6000 ce, kuma daga Kano zuwa Hartum kusan sawun alhazan da ne, waɗanda ke zuwa Makka da ƙafa.

Ayarin farko ya tashi a watan Satumba 1940: jirgin bam guda ɗaya samfurin Blenheim a gaba, ƙananan jiragen faɗa shida samfurin Hurricane a bayansa. Ƙananan mutum ɗaya ke cikinsu, babu mai duba hanya, saboda haka babban shi ne jagaba, kamar a ayarin fatake. Kafin ƙarshen 1943 jirage sama da 5000 sun bi wannan hanya. Daga 1942 Amurkawa ma suka shigo da nasu manya, suna ƙetaro teku daga Barazil zuwa Akara, daga can su kama hanyar Kano.

Abin da ya sa hanyar ta yiwu shi ne Cadi, inda gwamna Félix Éboué ya bi Digol ranar 26 ga Agusta 1940. Nijar kuwa ta zauna hannun gwamnatin Petan har watan Nuwamba 1942. Cikin waɗannan shekaru biyu iyaka ta zama ta zaman doya da manja, matuƙan Ingila kuma ba su da dalilin ƙetare ta da gangan. Layin da ya haɗa Kano da Maiduguri yana kudu da Magarya da kilomita wajen 100, nisan da ido ba ya cimma. To, dattijon da ya ce ya ga babban jirgi yana jan ƙanana a baya, galibi a can kudu ya gan su: ko yana almajiri, ko yana bin fatake, ko kuwa iyayensa suna cikin waɗanda suka gudu ƙasar Ingilishi saboda aikin dole da lanho.

Jirgin Hitila na gaskiya shi ma ya zo, amma can gabas. A watan Janairu 1942 wani jirgin Jamus mai inji biyu, samfurin Heinkel 111, ya taso daga kudancin Libiya ƙarƙashin jagorancin Theo Blaich, ya zuba bama-bamai a filin jirgin Fort-Lamy, ya ƙone rumbun man da ayarin Takoradi ke sha. A hanyar komawa mai ya ƙare masa, ya sauka cikin hamada, sai bayan kwanaki aka tsinci mutanensa. Labarinsa yana iya isowa Damagaram a bakin matafiya, amma hanyar da ya bi ta yi nesa ƙwarai da gonakin Magarya.

Yadda ake gane jirgi

Mai son gano jirgin da wani ya gani shekara 70 da suka wuce, sai ya bi a hankali, tambaya bayan tambaya. Ta farko ita ce shekara. Tsofaffi ba da lamba suke ƙirga ba, da abin da ya faru suke ƙirga, kuma akwai turaku da za a ɗaura zance a kansu: zamanin Petan, sokewar aikin dole a 1946, ƙuri'ar i ko a'a ta watan Satumba 1958 lokacin da Sawaba ta Djibo Bakary ta ce a'a, da ƴancin kai na 3 ga Agusta 1960. In an san ko kafin ko bayan ɗaya daga cikinsu ne, rabin aiki ya ƙare.

Ta biyu ita ce yawan farfela. Blenheim biyu gare shi, haka Heinkel, haka Glenn Martin wanda Faransawan Petan da na Digol duk suka yi aiki da shi, haka Dakota mai ɗaukar kaya da mutane. Junkers 52, wanda sojan Faransa suka yi ta yawo da shi a Afirka bayan yaƙi, uku gare shi, ɗaya a hanci, jikinsa kuma tamkar kwanon rufi. Masu huɗu su ne manya: Lancaster na Ingila, da Liberator da B-17 na Amurka, da jiragen fasinja irin DC-4 da Constellation.

Ta uku ita ce wutsiya, wato allon da ke tsaye a bayan jirgi. Lancaster da Liberator biyu gare su, dama da hagu. Constellation uku. B-17 da DC-4 ɗaya. Bayan wannan sai hanci da tagogi: jirgin bam hancinsa na gilashi ne, domin mai sakin bam ya ga ƙasa, jirgin fasinja kuwa hancinsa a rufe yake, ga tagogi a jere. Wanda ya ga jirgin a ƙasa sai a tambaye shi zamansa: B-17 da Lancaster kan gindi suke zama, hanci sama, saboda ƙaramar ƙafarsu tana baya, Liberator da DC-4 a miƙe suke tsayawa, ƙaramar ƙafarsu tana gaba.

Sai alama. Da'irar sojan Ingila shuɗi ne a waje, ja a tsakiya. Ta Faransa ja a waje, shuɗi a tsakiya. Mutanen Digol suna ƙara gicciye mai sanda biyu. Amurka farin tauraro. Jirgin da ba na soja ba haruffa yake ɗauka, harafin farko shi ke faɗin ƙasa: F Faransa, G Ingila. Tambaya ta ƙarshe, wadda sau da yawa ta fi sauran amfani, ita ce halin jirgin: wucewa ya yi sau ɗaya, ko kuwa ya daɗe yana kai da kawowa?

Shaidar wani tsohon mushe

A wata unguwa ta Magarya akwai wani tsohon mushen lakwal da ya daɗe da ajiye aiki. An haife shi a wani ƙauye na kanton, an kuma kama shi lakwal yana ƙarami, kamar yadda ake yi a lokacin. Abin da ya gani, a faɗarsa, da sanyi ne bayan an gama kaka, shekara biyu ko uku kafin ƙuri'ar i ko a'a. Kwana da kwanaki ana jin wani gurnani mai kauri daga sama, in an ɗaga kai sai a ga ɗan abu yana ƙyalli can ƙololuwa. Ya nufi gabas har ya ɓace, jim kaɗan ya komo ya nufi yamma, amma ya ɗan gusa arewa. Ya sake komowa, ya sake gusawa. Masaƙan garin suka ce wadari yake yi. Mata suka riƙa shigar da yara ɗaka. Manya suka ce Nasara ne ke ƙirga mutane da bisashe daga sama don a ƙara lanho. Ba a taɓa jin ya saki komai ba. Wata rana da la'asar ya sauko ƙasa ƙasa ya gilma bisa gonaki, ranar ce yara suka ƙare masa kallo.

Jikansa, ɗalibi a jami'ar Zinder, shi ya zauna da shi da hotunan jirage a cikin salula.

— Kaka, farfela nawa ka ƙirga?

— Huɗu, aboki. Biyu dama, biyu hagu.

— Wutsiya fa?

— Ɗaya tak, doguwa, ta taso tun daga tsakiyar baya. Hancinsa kamar kwalba, rana na dukansa.

— Ka ga tagogi a jere, irin na jirgin alhazai?

— Babu. Kuma babu ja babu shuɗi a jikinsa, fari ne kamar sabuwar tasa. Sai baƙaƙen haruffa ƙarƙashin fiffike. Na farko F ne. Shi ban manta ba, don a makon nan mushe ya dake ni a kansa.

Da wannan amsa sai jirage suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Farfela huɗu ta fitar da Blenheim da Heinkel da Glenn Martin da Dakota da Junkers. Wutsiya ɗaya ta fitar da Liberator da Constellation, ta kuma fitar da Lancaster, wanda sojan Ingila suka yi aikin ɗaukar hoto da shi a ƙasashensu na Afirka, har da Nijeriya, tsakanin 1946 da 1952. Saura DC-4 da B-17. Jirgin fasinja daga gari zuwa gari yake miƙewa, ba ya wadari, ba shi da hancin gilashi. Shekarar kuma ta nuna an gama yaƙi da wajen shekara goma. Jirgin bam ne na yaƙin Hitila, amma ba bam ya kawo ba, kuma harafin F ya nuna mai shi. Alamu duka sun taru kan B-17 na ma'aikatar taswira ta Faransa, wadda aka sani da IGN.

Daga bam zuwa hoto

Kamfanin Boeing na Amurka ya ƙera B-17, ya fara tashi a 1935. Amurkawa suka yi masa kirari da ganuwa mai tashi, saboda na ƙarshen samfurinsa bindiga mai jigida 13 yake ɗauka, da mutum 10. Faɗinsa daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike ya kusa mita 32, tsawonsa ya kusa mita 23, kowane inji yana da ƙarfin doki 1200. An ƙera 12731, kuma su ne suka yi ta ruwan bama-bamai da rana tsaka bisa biranen Jamus daga 1943 zuwa 1945. Da yaƙi ya ƙare aka narkar da mafi yawansu.

Ma'aikatar IGN ta fara sayen su a ƙarshen 1947, ta tara 14, mazauninsu yana Creil, arewa da birnin Pari. Abin da ya sa ya dace da yaƙi shi ya sa ya dace da taswira: yana hawa sama ƙwarai, yana daɗewa bai sauka ba, ba ya rawa a iska, mai duba hanya kuma yana zaune cikin hancin gilashi yana ganin ƙasa sarai. Aka cire bindigogi, aka dasa na'urorin ɗaukar hoto a cikinsa suna kallon ƙasa. Suka yi aiki a Faransa da ƙasashen da take mulka, har zuwa ƙarshen shekarun 1980.

Wadarin da masaƙa suka gani yana da dalili. Jirgin yakan bi layi miƙaƙƙe yana ɗaukar hoto bayan hoto, kowane hoto ya hau kan na bayansa da wajen kashi 60 cikin 100. In ya kai ƙarshen layi ya juyo ya kama na kusa da shi, shi ma gefensa ya hau kan na farko, don kada taƙi ɗaya na ƙasa ya kuɓuce. In aka jera hotuna biyu maƙwabta aka duba su da wani madubi mai ido biyu, sai tudu ya taso, kwari ya zurma, itace ya miƙe tsaye. Aikin yana son sama garau, shi ya sa ake yin sa bayan damina, in gizagizai sun janye. A tsakiyar shekarun 1950 aka ɗauki kudancin Nijar ta haka, santimita ɗaya a hoto daidai da mita 500 a ƙasa. Daga irin waɗannan hotuna aka zana taswirorin nan na 1 bisa 200000 da aka daɗe ana gani manne a bangon ofisoshi. Ashe manyan ƙauye ba su yi nisa da gaskiya ba: ƙirga ake yi, amma ƙasa ake ƙirgawa.

Wasu daga cikin jiragen suna nan har yanzu. Wanda ake kira Pink Lady ya kai hari sau shida bisa Jamus a 1945, ya yi wa IGN aiki daga 1954 zuwa 1985, ya daina tashi a 2010, yana ajiye a La Ferté-Alais kudu da Pari, kuma a 2012 Faransa ta sa shi cikin kayan tarihinta. Wani, mai suna Sally B, yana Duxford a Ingila. Wani kuma ya ƙone a Ingila a 1989 wajen ɗaukar silimar Memphis Belle, mutanen cikinsa suka tsira.

Abin da hotunan suka riƙe

A 1960 mutanen Nijar wajen miliyan 3 ne, yau sun haura miliyan 25, kuma yankin Maraɗi da kudancin Damagaram yana cikin inda suka fi cunkushewa. Hotunan shekarun 1950 su ne madubin ƙasar kafin wannan cika. A cikinsu ana ganin ƙauye da gonakinsa kewaye da shi, bayansu saura, bayan saura daji. Ana ganin burtali yana ratsa gonaki zuwa tafki, da rijiyoyi inda sawun bisashe ya taru kamar saƙar gizo.

Masu bincike na jami'ar Bordo, tare da Claude Raynaut wanda ya daɗe yana aiki a ƙasar Maraɗi, sun jera waɗannan hotuna da na 1975, suka ga yadda noma ya cinye saura da daji cikin shekara ashirin kacal. Fari na 1973 da na 1984 suka ƙara tsananta abin. Inda gona ta hau burtali, rigima ba ta nisa, kuma mutanen Maraɗi ba su manta da Toda ba, inda a watan Oktoba 1991 aka kashe mutum sama da 100. Dokar karkara ta 1993 da hukumomin filaye da ake kira Kofo, don kashe irin wannan wuta aka kafa su.

Tsofaffin hotuna sun kuma bayar da labari mai daɗi. A shekarun 2000, Gray Tappan da Chris Reij da Larwanou Mahamane sun kwatanta hotunan da da na tauraron ɗan Adam, suka bi ƙauyuka da ƙafa, suka tarar a wurare da yawa itatuwa sun fi na 1975 yawa. Manoma ne suka yi aikin da sassabin zamani, wato barin tohon kututture ya girma a cikin gona maimakon a sare shi. An ƙiyasta eka-eka har hekta miliyan 5 da itace wajen miliyan 200, kuma gawon Magarya da Matamaye da Mirya yana cikin manyan shaidu. Ba don an ajiye hoton jiya ba, da babu ma'aunin da za a gwada yau da shi.

Sai dai hoto ba ya magana. Yana nuna burtali, amma ba ya faɗin wane ruga ke bin sa, ko wane maigari ya shata shi. Yana nuna tafki, ba ya faɗin sunansa, ko shekarar da ya ƙafe. Wannan sani yana bakin mutanen da suka tsaya ƙarƙashin jirgin suna kallonsa, su ne kuwa ake kaiwa makwanci ɗaya bayan ɗaya. Hotunan suna cikin akwatunan ma'aikatun taswira, a Yamai da Faransa, nesa da ƙauyukan da ke cikinsu.

Ya kamata magabata su duba wannan. Kowace Kofo da kowace ma'aikatar magajin gari ta sami kwafin hoton ƙasarta, a faɗaɗa shi, a kai shi ƙofar maigari, a kira dattawan manoma da na makiyaya su zauna tare su sa yatsa su faɗi sunan kowane wuri, wani ya rubuta. Malaman tarihi da na labarin ƙasa a lise su tura ɗalibai gida lokacin hutu da tambayoyin nan shida: shekara, farfela, wutsiya, hanci, alama, da hali. Aikin ba ya cin kuɗi mai yawa. Takarda ce, da tabarma, da goron dattawa. Amma ko wace damina ta wuce, masu iya karanta hoton suna ƙara raguwa.